Muna Yankar Tikiti Kullum, Amma Sunanmu Ba Ya Cikin Littafi

Da wuya ka samu ɗan kasuwar da ya kai Bahaushen Legas biyan kuɗi ga hukuma alhali hukumar ba ta san da zamansa ba. Mai shayin Obalende, mai tura baro a Mile 12, mai yankan farce da ke zaga Idi-Araba, ɗan gwangwan da ke jan kurarsa a lungunan Ijora, kafin azahar kowannensu ya riga ya yanki tikiti, wani ma biyu ko uku. Na ƙaramar hukuma, na ƙungiyar kasuwa, na shara, sai kuma na samarin nan da ba a tambayarsu ina kuɗin ke zuwa. Ya biya, ya cusa 'yar takardar a aljihu, gobe ma haka. Amma ranar da rediyo ya ce gwamnati ta fito da rance ko tallafi domin masu ƙananan sana'o'i, sai mutumin nan ya taɓe baki ya ce, "Ai wannan na 'yan gari ne." Ya juya ya ci gaba da fifita gawayinsa.

Ban yarda da wannan magana ba, ko da yake na san inda ta samo asali. A ganina duk wanda zai kafa sana'a a garin nan ya kamata ya nemi abin da gwamnati ta tanada, ya kuma neme shi da ƙarfin gwiwar mai haƙƙi, ba da ɗari-ɗarin baƙo ba. Sai dai mu mun kama abin ta wutsiya. Hankalinmu duk yana kan kuɗi, a ji alat ya shigo waya. Ni kuwa a wurina kuɗin su ne mafi ƙarancin amfani a cikin abin da gwamnati ke bayarwa, kuma su suka fi jefa mutum cikin rigima. Abin da ya fi su daraja takardu ne, waɗanda wasunsu kyauta ake yi, wasu kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, kuma su muka fi gudu.

Ga asusun nan na jihar Legas mai tallafa wa masu sana'a, LSETF, wanda aka kafa a 2016 zamanin Gwamna Akinwunmi Ambode da alkawarin zuba masa naira biliyan 25 cikin shekara huɗu. Ya fara ba da rance a kan ruwa kashi 5 cikin ɗari a shekara, a lokacin da bankunan kasuwanci ke karɓar sama da kashi 20. Ƙaramin mai sana'a na iya neman har naira 500,000, wanda harkarsa ta tasa kuma har miliyan 5. A cikin sharuɗɗan babu takardar shaidar asalin jiha. Ba a ce sai kakanka ɗan Epe ne ko ɗan Badagry ba. Cewa aka yi ka kasance mazaunin Legas, sana'arka ma a Legas take, shaidar hakan kuwa ita ce rajistar LASRRA, hukumar da ke rubuta mazauna jihar tun zamanin Gwamna Fashola. Sai lambar biyan haraji, sai BVN, sai takardar banki mai nuna shige da ficen kuɗinka na wasu watanni, sai wanda zai tsaya maka. Rajistar LASRRA ba a biyan ko sisi, kuma ba ruwanta da yarenka. To ka shiga masallacin Juma'a a Agege ka tambayi sahu guda su wa ke da ita. Katin zaɓe kam za ka tarar da shi a aljihun mutane da yawa, domin akwai masu buƙatar mu mallake shi, har mota suke kawowa su kwashe mu zuwa wurin yi.

Dalilin ba rashin sani kaɗai ba ne. Akwai ɗabi'ar da muka gada daga ci-rani, jiki a Ikko, zuciya a gida. Mutum ya shekara 20 a Ketu, 'ya'yansa sun fi shi jin Yarbanci, amma in ka tambaye shi sai ya ce ai shi nema ya zo, bayan babbar sallah zai koma. Saboda haka ba ya son sunansa ya shiga wani littafi a nan, gani yake kamar ya sallama Funtuwa ko Illela ke nan. Alhali kuwa Hausawa ba baƙin jiya ba ne a wannan gari. Tun da layin dogo ya isa Kano a 1911 fataken goro suka ƙara yin zango a Agege, suka kafa unguwa da sarautarsu, kuma tattaɓa-kunnensu na nan, da yawansu ba su da wani gari da za su kira gida in ba nan ba. Akwai kuma matsalar da ba ta zuciya ba ce. Rajista na son adireshi, dubban yaranmu kuwa a shago suke kwana, ko a barandar masallaci, ko cikin kasuwa a kan buhuna. Wanda ba shi da ɗaki ina zai samo takardar wutar lantarki?

Illar wannan zama ta fito fili a 2023. Bayan cire tallafin man fetur, Shugaba Tinubu ya yi jawabi a ƙarshen watan Yuli ya ce za a ba masu 'yan ƙananan sana'o'i miliyan ɗaya naira 50,000 kowannensu, mutum 1,300 a kowace ƙaramar hukuma daga cikin 774, sannan a ware naira biliyan 75 a ranta wa masu harkar da ta ɗan yi ƙwari, daga 500,000 zuwa miliyan ɗaya, a kan ruwa kashi 9. Ka lura da ma'aunin rabon, ƙaramar hukuma. Ɗan ci-rani fa? A garinsu ba ya nan lokacin da ake cike-cike da tantancewa. A Agege ko Kosofe inda yake sana'ar kuma, bai ɗauki kansa ɗan wurin ba balle ya nema. Ba tsuntsu ba tarko. Naira 50,000 ba za ta kafa wa kowa sana'a a Legas ba, ko la'adar ejan ta hayar shago ba lallai ta biya ba, don haka ba ita nake wa kuka ba. Abin da ke damuna shi ne haka za a riƙa tsallake mu a ƙarami da babba.

Kada ma a ce wannan matsalar talakawanmu ce kawai. Akwai wani dattijo dillalin albasa da na sani a Mile 12. Motocinsa daga Aliero suke tasowa, su shigo kafin asuba. Za ka gan shi tsaye a bayan tirela da tocila a hammata, yana ƙirga buhuna ana saukewa, yana rubutawa da ajami a ɗan littafin 'yan makaranta wanda bangonsa ya yi laushi saboda gumi. Ba ya ɓatan lissafi. Ya san matar Ijebu da ta ɗauki buhu goma ta biya bakwai, ya san direban da aka rage wa kuɗin mai a Jebba. Amma in mai saye ya ce zai yi taransifa, sai Alhaji ya waiwaya ya ƙwala wa yaronsa kira, "Kai, ba shi lambarka." Wani lokacin ta yaron, wani lokacin ta mai POS ɗin bakin rumfa, wani lokacin ta ƙaninsa da ke can Kebbi yana haɗa kaya. Miliyoyi ke ratsa hannun mutumin nan a mako. Da ya so ya sayi motar kansa ya huta da haya, sai ya je wani banki neman a cika masa. Aka buɗe asusunsa, babu abin da ke ciki sai kuɗin da ya tara na aikin hajji da 'yan canjin katin waya. Yarinyar da ke kan teburin, cikin ladabi, ta ce masa, "Baba, a takarda ba ku da sana'a." Ya fito yana faɗa, wai an raina shi. Ba raina shi aka yi ba. Banki ba ya karanta littafin hammata, asusun gwamnati ma haka. Shekarun da ya kwashe yana gina amana duk suna cikin kawunan mutane, ba inda baƙo zai duba ya gani.

Shi ya sa nake cewa tallafin farko da mai fara sana'a zai nema shi ne rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da asusun banki mai sunan sana'ar. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta na shekarar, ta sauƙaƙa abubuwa har mutum ɗaya tal na iya kafa kamfani, ba sai ya jawo matarsa ko ƙaninsa ya cike gurbi ba. Rajistar sunan kasuwanci kuwa ta fi haka sauƙi, ta intanet ake yi. A wannan shekarar ma gwamnatin tarayya, cikin shirinta na farfaɗo da ƙananan sana'o'i bayan korona, ta ɗauki nauyin yi wa mutum 250,000 rajistar suna kyauta. Mu nawa muka shiga? Sai da aka zo 2024, aka ce duk mai POS ya yi rajista kafin 7 ga Yuli, aka ƙara wa'adi zuwa Satumba, sannan yaranmu masu laima a bakin titi suka bazama suna biyan ejan ninkin kuɗin da hukuma ta yanka. Abin da aka ba mu a sauƙaƙe muka ƙi, muka dawo muka saye shi da tsada da tashin hankali.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta: "Kana yin rajista ka kira wa kanka 'yan haraji." Ba zan ce babu gaskiya a ciki ba. Mai rajistar sunan kasuwanci akwai harajin samun kuɗi na jiha a kansa, akwai kuma bayanin shekara-shekara da zai riƙa shigar wa CAC, in ya yi sakaci a ci shi tara. Amma a duba ɗaya ɓangaren. Dokar kuɗi ta 2019 ta yafe wa duk kamfanin da cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba harajin kamfani, sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 kuma suka ƙara ɗaga iyakar. Sannan mutumin da ke tsoron haraji ya zauna ya haɗa tikitin da yake yanka daga Muharram zuwa Zulhajji, ya ga ko ba haraji yake biya ba tuntuni. Bambancin kawai shi ne wancan yana da rasit ɗin da wani ofis zai karɓa a matsayin shaida, wannan kuwa ruwan sama ɗaya ke narkar da shi a aljihu.

Matanmu ne ma abin ya fi shafa. A cikin gidajen Agege da Idi-Araba ana yin dambun nama da yaji da kunun aya da turaren wuta waɗanda ko a Kano sai an tona kafin a samu irinsu. Ana tallarsu a WhatsApp, ɗan acaɓa ya kai. Amma iyakarsu ke nan. Babban kanti a Ikeja ko Lekki ba zai ɗora robar yajinki a kantarsa ba sai da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ita kuma NAFDAC ba za ta saurare ki ba sai da rajistar CAC, sannan ta zo ta duba inda kike haɗa kayan. Wahala ce, ba na musu, musamman ga mai ɗaki ɗaya da madafin haɗaka. To amma matar da ta samu wannan lamba ta samu abin da ya fi rancen miliyan, domin ƙofar masu saye aka buɗe mata, kuma ba wanda zai zo ƙarshen wata yana ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Yanzu ga batun kuɗin kansu, kuma nan ne zan ɓata wa 'yan'uwana rai. Mun ɗauki duk kuɗin da ya fito daga gwamnati a matsayin ganima. A 2018 da aka fito da TraderMoni ta hannun Bankin Masana'antu, Mataimakin Shugaban Ƙasa Osinbajo na yawo kasuwa-kasuwa, naira 10,000 ce, ba jingina, in ka biya cikin wata shida a ba ka wadda ta fi ta. Tsani ne aka kafa, amma da yake zaɓe na ƙofa, mai bayarwa da mai karɓa duk sun san yadda jama'a za su fassara abin. Aka karɓa aka yi cefane. Sai 2020 Babban Banki ya ware naira biliyan 50 na rancen korona ta hannun bankin NIRSAL, aka yi ta kiransa "kuɗin korona" kamar wani rabon zakka. Na ga masu sayen waya da shi, na ga wanda ya ƙara aure. Abin da ba su lura da shi ba shi ne a watan Agusta na wannan shekarar Babban Banki ya fara aiki da tsarin da ya ba mai bin bashi damar cire kuɗinsa daga duk wani asusu da ke ɗaure da BVN ɗinka, ko a wane banki yake. Bayan shekaru, mutum ya sayar da kaya, mai saye ya tura kuɗi, kafin ya kai ga POS an zare. Ya zo majalisa yana rantsuwa an yi masa sata. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuma ɓarnar ba a kansa kaɗai ta tsaya ba, domin duk asusun da aka ƙi biya, na bayanka ne ka rufe wa ƙofa, wanda wataƙila shi da gaske injin niƙa yake so ya saya.

Ga wanda ya san abin da yake yi kuwa, rancen kashi 9 a shekarar da tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin ɗari, kamar 2024, garaɓasa ce. Ka ranci 500,000, abin da zai hau kai a shekara bai wuce 45,000 ba, alhali firijin da ka saya da kuɗin kafin shekara ta zagayo ya ƙara fiye da haka. Kwatanta wannan da manhajojin bashi na waya da ke tura wa surukanka saƙo suna kiranka ɓarawo.

Amma duk arahar kuɗin ruwa, kuɗin ruwa ne, kuma wannan ba ƙaramin shinge ba ne a wurinmu. Akwai mutane masu gaskiya da yawa da za su gwammace su shekara goma a kan tebur da su ɗauki bashin da ko kashi ɗaya aka ɗora masa, kuma ba ni da bakin ce musu su sassauta. Masu tsara shirye-shiryen nan ne ya kamata su daina yin kamar ba su san da wannan ba. Hanya kuwa tana nan. A cikin bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, Jaiz ya fara aiki tun 2012, TAJ ya biyo a 2019, Lotus kuma, wanda hedikwatarsa ma a nan Legas take, ya buɗe a 2021. A 2020 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin yadda za a gudanar da shirye-shiryensa na tallafi ta bankunan da ba sa mu'amala da ruwa. Tsarin murabaha ma, in ka duba, ya fi dacewa da mai fara sana'a: banki ya sayi keken ɗinkin ko janaretan da kansa, ya sayar maka da ribar da kuka yi yarjejeniya, ka biya kaɗan-kaɗan. Kuɗi ba su shiga hannunka ba balle biki ko rashin lafiyar gida su cinye su. Wannan kuma ba buƙatar Bahaushe kaɗai ba ce. Musulmin Yarbawa sun cika Legas, daga Isale Eko har Epe, kuma da yawansu wannan damuwar ce ke hana su nema. Da za mu haɗa murya da su mu nemi kowane asusun jiha ya buɗe irin wannan taga, da an ji mu a Alausa, mazaunin gwamnatin jiha, fiye da in mun je mu kaɗai da sunan 'yan Arewa.

Ba kuma zan wanke gwamnati ba. Wanda ya ce "na 'yan gari ne" akwai abin da idonsa ya gani. Ya ga an hana acaɓa a manyan sassan gari a Fabrairun 2020, aka sake jaddadawa a Yunin 2022 a Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland, aka ƙara wasu ƙananan hukumomi huɗu a Satumba. Ya ga baburan da mutane suka sayar da gona suka saya an niƙe su an mayar da su ƙarafa. Ya ga an ba 'yan kasuwar Alaba Rago wa'adin kwana 14 su tashi a 2022. Ko da akwai hujjar tsaro da ta haɗurra, kuma akwai, mutumin da hannun hukuma ya fara taɓa shi ta wannan hanya yaya za ka ce ya kai kansa ofis ya ba da sunansa da adireshinsa? Rance ba ya amfanar wanda bai san ko rumfarsa za ta kai baɗi ba. Tallafin da ya fi kowane girma da jiha za ta yi wa ƙaramin ɗan kasuwa shi ne tabbacin wurin zama, da haɗe tikitocin nan su zama ɗaya mai rasit. Duk da haka, ɓuya ba ta hana buldoza zuwa. Ranar da ake maganar diyya ko sauyin matsuguni, wanda ke da takardar rumfa da rajista da shaidar haraji shi ke da abin ɗagawa.

Ga saurayin da ubangidansa ya sallame shi da 'yan dubbai yana shirin tsayawa da ƙafarsa, shawarata kada ya jira gwamnati ko na yini ɗaya. Ya fara da abin da ke hannunsa. Tsakanin cike fom da fitowar kuɗi ana iya yin wata shida, ana iya yin shekara, ana iya yin shiru har abada, kuma na san waɗanda suka zauna suna duba waya har ɗan jarin da ke aljihunsu ya ƙare a abinci. Tallafin gwamnati yaji ne, mai tsire kuwa ba ya hura wuta don yana da yaji sai in akwai nama. Ya yi LASRRA a makon farko. Ya buɗe asusu da sunansa, duk ciniki ya bi ta ciki, ko na naira 500 ne, kuma kada ya ba kowa aron lambarsa. In harka ta miƙa ya yi CAC, ya shigar da sunansa a SMEDAN, hukumar da aka kafa tun 2003 domin irinsa. In aka ce akwai horo na kyauta kan lissafin kasuwanci ya je, ko da Turancinsa na kasuwa ne, domin sau da yawa a nan ake jin labarin abin da ke tafe kafin ya iso majalisa a gurguje. Sai bayan wata shida ko shekara, lokacin da takardar banki za ta iya magana a madadinsa, kuma ya san takamaiman abin da zai saya da yadda abin zai biya kansa, sannan ya nemi rance. Wanda bai taɓa juya dubu ɗari ta dawo da riba ba, miliyan ba za ta koya masa ba.

Ya kuma kiyayi mai laima da kwamfuta. Kusan kowace unguwa tamu akwai shi. Yana zaune kusa da masallaci, ya liƙa takarda an rubuta ana cike fom ɗin tallafi. Ya karɓi 3,000 ko 5,000 a kan fom ɗin da kyauta ne, wannan ma da sauƙi. Babbar illar ita ce wurin da aka ce a sa lambar waya da imel, sai ya sa nasa, ya ce, "Alhaji, bar shi kawai, in saƙo ya zo zan kira ka." Saƙon ya zo wurinsa, lambar sirri ta zo wurinsa, in kuɗi suka fito shi zai faɗa maka nawa ne ya kuma yanki kasonsa, bashin kuwa cif yake a kan BVN ɗinka. Banda saƙonnin WhatsApp masu tambarin gwamnati da ke cewa ka tura wa zaure biyar kafin a ba ka. Duk wanda ya nemi lambar da banki ya turo maka a waya, ko wane tambari ya ɗora, ɓarawo ne.

Mai laima yana cin kasuwarsa ne saboda waɗanda ya kamata su zauna a kujerarsa sun bar ta. Muna da sarakunan Hausawa a Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12 da sauran unguwanni. Muna da ƙungiyoyin 'yan gwari, na mahauta a Oko-Oba, na 'yan canji, na direbobi, kowace da shugaba da ma'aji da kuɗin mako. Muna da yara masu digiri daga LASU da UNILAG da aka haifa a cikin unguwannin nan suna zaune ba aiki. Me zai hana kowace fada ta ajiye tebur ɗaya da kwamfuta ɗaya da ɗaya daga cikin yaran nan, a biya shi daga asusun ƙungiya, aikinsa ya karanta sanarwa ya fassara ta da Hausa bayan sallar Juma'a, ya cike wa mutane fom da lambar wayarsu ta kansu? Matsalar adireshin nan ma su ke da maganinta. Sarki da limami da shugaban kasuwa sun san wa ke kwana a wace rumfa. Su zauna da hukuma a yarda da wasiƙar shaidarsu, a kawo na'urar rajista ƙofar fada kamar yadda ake kawo ta katin zaɓe. Adashin da muke yi kuma, wanda ke juya miliyoyi a hannun uwar adashi ba takarda, in aka yi masa rajistar ƙungiyar gama-kai a ma'aikatar kasuwanci ta jiha, zai iya karɓar rance da sunan ƙungiya, mambobi su tsaya wa juna, matsalar neman mai tsaya maka ta kau.

Zaɓen 2027 na tafe, kuma 'yan takara za su zo fadojin nan da hula zanna-bukar da gaisuwar Hausa da aka koya musu a mota. Za a kawo shinkafa da atamfa. Ina so a wannan karon shugabanninmu su ajiye musu takarda mai buƙatu uku, a kuma karanta ta a gaban jama'a kafin a ɗauki hoto: cibiyar rajistar mazauna a cikin unguwanninmu, tagar rance marar ruwa a asusun jiha, da sanarwar kowane shiri cikin harshen Hausa tun ranar da aka buɗe shi, ba mako ɗaya kafin a rufe ba.